Kwalbar Gahawar Anti Lami

Wanda ya ce zai tarbe ni a Manchester bai zo ba. Ɗan ƙawar mahaifiyata ne, tun ina Wusasa muke waya, ya ce akwai ɗaki a gidan da yake haya, in taho kawai. Na zauna a kan akwatina a filin jirgi ina ta kiransa, wayar tana shiga ba a ɗauka, har mai shara ya zagayo ya ce in ɗaga ƙafa. Da ya ɗauka daga baya, sai ya ce ai an ba wani ɗakin tun makon jiya, mantawa ya yi bai gaya mini ba. Ya ba ni lambar wata mata a cocinsu, ya ce yana wurin aiki, ya kashe.

Sunana Rahila. Karatun digiri na biyu ya kawo ni, a fannin lafiyar al'umma. Na baro 'yata Murna a hannun Mama, lokacin ko firamare ba ta shiga ba, mahaifinta kuma ya rasu tun tana goye.

Watannin farko ban taɓa kwance akwatina duka ba. Daga falon wannan sai falon waccan. Matan cocin sun yi ƙoƙari, amma gidajen nan ƙanana ne, kuma baƙo yana da wa'adi ko ba a faɗa masa ba. Wata ta ba ni doguwar kujerarta a Rusholme, da sassafe in naɗe bargo in tura bayan labule kafin yaranta su sauko. Idan na fito daga jami'a ba na son komawa da wuri, sai in yi ta tafiya a Wilmslow Road, ina shaƙar ƙanshin gasasshen nama, bas na bin bas, yayyafi na sauka a kaina. Ruwan garin nan ba irin namu ba ne da zai zo da ƙarfinsa ya gama a fita. Yini yake yi yana tsiyaya, har mutum ya rasa da wa zai yi fushi.

A coci na haɗu da Anti Lami. 'Yar Kaduna ce, ta daɗe a Ingila, tana da ɗan shagon kek a Withington. Wata Lahadi ta kawo kek bayan sujada, na ci, na ce mata ƙwai ya ɗan yi yawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni inda na koya. Na ce wurin Mama, wadda take gasa kek ɗin Kirsimeti a tukunya da yashi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce akwai ɗaki a saman shagonta, cike yake da kwalaye amma gado zai shiga. In taya ta aiki iya awannin da bizata ta karatu ta yarda, in zauna.

"Ke 'yata ce daga yau," in ji ta.

Ranar na fito da kayana na jera a kan kanta. Har hoton Murna na kafa a jikin taga.

Abin da ya fi tafiya a shagon shi ne ƙananan kek ɗin nan na cikin takarda, da ake kira cupcake, masu kirim ɗin bota mai gahawa a kai. Turawan unguwar da 'yan makaranta layi suke yi a kansu ranar Asabar. Anti Lami ba ta yi mini rowar ilimi ba, wannan kam zan faɗa ko a ina. Ita ta nuna mini cewa bota a ƙasar nan sai an lallashe shi. A Zariya fama muke yi kada ya narke, a nan kuwa sai ka fito da shi daga firij tun da safe, ka ajiye nesa kaɗan da hitar ɗumama ɗaki, har ya kai idan ka danna yatsa zai nutse amma ba zai fito da maiƙo ba. Sai a buga shi shi kaɗai, a yi ta bugawa, har ya tashi daga rawaya ya kusa zama fari. Sannan a kawo garin sukari mai laushi wanda aka tankaɗe, kaɗan-kaɗan, a rufe bakin injin da tawul, in ba haka ba kicin ɗin duka ya yi fari har girarka. A barbaɗa ɗan gishiri don zaƙin kada ya ginshi mutum. Daga nan sai kwalba.

Kwalbar ita ce sirrin shagon, kuma da hannunta take haɗawa. Za ta dafa gahawa mai ƙarfi, baƙa wuluk, ta narkar da jan sukari a ciki, ta sa banila, ta bari ya huce sarai. Sannan ta tuttula vodka, wata giya ce fara kamar ruwa, ta ɗura a kwalabe ta ɓoye a kabad mai duhu na wasu makonni, tana girgizawa lokaci-lokaci. Idan ya nuna, sai ya yi kauri da ƙanshi mai hawa kai. Da cokali ake zuba shi a cikin kirim, a buga, a ƙara, a buga. Idan hannu ya zarce, kirim ɗin ya tsinke kamar nonon da ya kwana, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda. Na ɓata kwano fiye da ɗaya kafin hannuna ya zauna.

Ni ba mashayiya ba ce, amma abin bai dame ni ba. Masu saye sun san abin da suke saye, akwai ɗan kati a gaban tiren da ya faɗi cewa da giya a ciki.

Wata Asabar da hantsi wata mata ta shigo da lulluɓinta, ta ji muna Hausa, fuskarta ta washe. Dakta Bilkisu ce, 'yar Kano, likitar unguwa ce a kudancin garin. Ta ce an kai musu kek ɗinmu wurin aiki ranar da ake sallamar wata abokiyar aikinsu, tun daga ranar take neman shagon. 'Yarta ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima, mata za su zo har daga wasu garuruwa, tana son irin wannan mai gahawar da yawa. Ina tsaye a bayan kanta na ga hannun Anti Lami ya je kan katin nan ya kife shi.

"Anti, babu giya a ciki dai ko?" Dakta ta tambaya.

"Haba Dakta. Gahawa ce zalla."

Bayan ta fita na ce wa Anti Lami mu yi mata nata daban, mu bar kwalbar. Ta ce ɗanɗanon da matar ta biyo ke nan, in aka canza za ta gane, kuma 'yan cokula ne a cikin ƙaton kwano, ko kyanwa ba za ta bugu ba. Na ce kirim ai ba ya shiga wuta, abin da aka zuba yana nan yadda yake. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta ce kada in koya mata sana'arta, in kuma tuna rufin wa nake kwana a ƙarƙashinsa.

Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga laburare in buɗe littafi, in rufe, in fito. In hau bas in wuce tashata ina kallonta. Abin da ke ta dawo mini shi ne Inna Hajara, maƙwabciyarmu a gida. Duk Kirsimeti Mama ba ta barin kowa ya yanka kajinmu sai mijin Inna Hajara, don kawai idan an kai musu abinci su ci hankali kwance. Da Sallah kuma naman farko namu ne. Haka na tashi na gani, ban taɓa ɗaukar shi wani abu ba sai a wannan makon. Na kira Mama na gaya mata. Ta tambaye ni ina zan kwana idan matar ta kore ni. Na ce ban sani ba. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Ta miƙa wa Murna wayar, yarinyar ta yi mini waƙar da ta koya, ni kuwa ba na ma jin abin da take cewa.

Ranar Alhamis Dakta Bilkisu ta dawo zaɓen kalar takardun kek. Da ta fita na ce zan zubar da shara, na bi ta har inda ta ajiye mota. Ana yayyafi. Na ƙwanƙwasa gilashi, ta sauke, na gaya mata abin da ke cikin kwalbar. Na zaci za ta gode mini. Sai ta tambaya ko wanda ta ci a wurin aiki ma haka yake. Na ce haka yake. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Kina tsaye a wurin lokacin da na tambaya," ta ce. "Me ya hana ki magana?"

Ta ɗaga gilashinta ta ja mota.

Kafin yamma akwatina yana ƙasan matattakala. Anti Lami ba ta ɗaga murya ba, ta karɓi makullinta kawai ta juya. Sai daga baya na ji abin da ta faɗa wa Dakta a waya: wai ita ba ta sani ba, yarinyar da ta ɗauka ce take zuba giya a ɓoye don ta burge Turawa, kuma ta riga ta kore ta. Haka labarin ya shiga guruf ɗin matan Arewa na waya, da sunana da garinmu. A coci ma aka rabu. Wasu suka ce na yi daidai amma a hankali suke faɗa, wasu suka ce butulci ne, mace ta tsince ni a titi na kashe mata kasuwa. Anti Lami babba ce a wurin, falukan da suka karɓe ni a da sai suka zama duk akwai baƙi. Wata ɗaliba 'yar Jos ce ta ba ni katifa a ƙasan ɗakinta, a nan na ƙarasa rubutun kammala karatuna, kwamfuta a kan cinya, baya a jingine da akwati.

Da takardar zama ta bayan karatu ta fito, na nemi aiki ko'ina ban da Manchester. Aka ɗauke ni a wani gidan kula da tsofaffi a Birmingham. A cikin doguwar bas ɗin da ta kai ni, kuka ya zo mini ba shiri, irin wanda ba ya tsayawa. Wata tsohuwar Baturiya ce a gefena. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta buɗe jakarta ta raba burodinta biyu ta ɗora mini rabi a cinya, ta ci gaba da kallon taga. Da muka iso ta dafa hannuna ta sauka. Ko sunanta ban ji ba.

Unguwar Sparkbrook, inda na sauka, ta ɗan kwantar mini da hankali. Stratford Road da shagunanta da masallatai da ƙanshin kayan yaji sai na ji kamar na shiga wani lungu na Tudun Wada, sanyi ne kawai ya bambanta. Na samu ƙaramin ɗaki a gidan Malam Sani, mutumin Gusau, direban tasi, da matarsa Hajiya Uwani. 'Ya'yansu sun girma sun bar gida. Hajiya ta gaya mini dokokinta tun a bakin ƙofa: ba alade, ba giya, ba baƙo namiji. Na ce na yarda. Ranar Lahadi idan na dawo coci sai in tarar ta ajiye mini tuwo da miyar kuka a rufe. Ban gaya mata komai game da kek ba, ban kuma sake taɓa bota ba sai a kan burodi.

Ana haka wata ƙawarta ta zo mata daga Manchester. Na gaishe ta a falo, ta amsa, ta tambayi sunana da garinmu, na ga ta kalli Hajiya. Washegari na tarar an ware tukunyata da farantina an ajiye su can ƙarshen kanta, su kaɗai. Tuwon Lahadi ya tsaya. Gaisuwa ta koma lafiya lau daga nesa. Na san wannan yanayin, na sha ganinsa. Na fara bin tagogin shaguna ina karanta tallan ɗakuna, na sauko da akwatina na ɗora a kan gado. A wurin aiki ina ba wani tsoho abinci a baki, hankalina yana kan wane gari kuma zan nufa, har cokali ya tsaya a iska sai da ya taɓa hannuna.

Malam Sani ne ya hango akwatin ta ƙofa wata safiya zai fita aiki. Na ji shi a ƙasa yana ce wa matarsa bai kamata a yanke wa mutum hukunci yana saman bene ba a tambaye shi ba. Bayan ya fita ta kira ni kicin, ta tambaye ni kai tsaye ko ni ce na ba Musulmi giya a Manchester. Na ba ta labarin tun daga kwalba har zuwa gilashin mota. Ta saurara tana ɓare tafarnuwa. Ba ta ce ta yarda da ni ba.

"To shi wannan abu da ake ta surutu a kansa," ta ce, "ba ya yiwuwa sai da giyar?"

Na ce ban taɓa gwadawa ba.

"Ki gwada. A nan, a gabana."

Ranar hutuna ta farko ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin. Duk abin da zan zuba sai na miƙa mata ta karanta jikinsa ta shinshina. Banilar da na sayo ta ruwa ce, muka duba muka ga ita ma da giya aka jiƙa ta, ta ce in fitar mata da ita daga gida, na koma na nemo ta gari. Gwajin farko na zuba dafaffiyar gahawa kai tsaye, kirim ya tsinke, ga ɗaci. Na biyu na dafa ta da jan sukari don ta yi kauri, na bar ta ta wuce, ta zama alewa ta riƙe cokali a tukunya. Wani kuma ya yi kyau a ido, amma a baki ba komai sai zaƙi. Abin da giyar take bayarwa wani ɗan ɗumi ne a maƙogwaro bayan an haɗiye, shi na rasa. Malam Sani ne ya ci riba, duk wanda ya lalace shi yake shafa wa burodi ya sha da shayi, yana cewa shi bai ga aibinsa ba.

Hajiya ce ta kawo maganar dabino. Ta ce lokacin da ta je aikin hajji da shi ake shan gahawa, kuma suna jefa kayan ƙanshi a ciki. Muka jiƙa dabino a ruwan zafi, na markaɗa na tace, na haɗa da gahawa mai ƙarfi da jan sukari kaɗan, na jefa kanumfari da ɗan yankin citta, na bar shi a ƙaramar wuta ina juyawa har ya kama bayan cokali kamar zuma. Na tsame kanumfarin da cittar, na bari ya huce sarai. Na buga bota har ya yi fari, na sa sukari, na sa gishiri, na fara zubawa da cokali. Bai tsinke ba. Ya ɗauki kalar ƙasa mai haske, ya tsaya a kan kek bai zube ba. Na miƙa mata. Ta ci, ta ce a rage citta. A ranar ta mayar da tukunyata cikin sauran tukwane.

Ba da daɗewa ba aka yi suna a gidan wasu 'yan Katsina da ke kusa da mu. Hajiya ta ce in yi kek cike da tire biyu, kuma tare za mu je. Na ce ta kai kawai, ni zan zauna. Ta ce in ɗauko mayafi.

Falon cike yake da mata da yara masu Turanci ta hanci. Da muka ajiye tiren aka buɗe, hira ta ragu. Wata daga kusurwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ba wannan ba ce ta Manchester? Na juya na kalli ƙofa.

"Ita ce," in ji Hajiya Uwani. "A kicin ɗina aka yi, da tukunyata, ina zaune tun daga farko har ƙarshe. Wadda take da shakka ta bar mini nata."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓare takardar ta ci a tsaye. Kakar jaririn ta miƙo hannu aka ba ta. Sai wata, sai wata. Ba duka suka ci ba. Akwai waɗanda har muka tashi ba su kalli tiren ba, kuma har yau idan an ce ni na yi ba sa taɓawa. Amma kafin mu fita mata biyu sun karɓi lambata, ɗaya tana tambaya ko ina yin babba na biki.

Dakta Bilkisu ba ta taɓa nemana ba, ban kuma riƙe ta ba. Shagon Anti Lami yana nan, na ji har ta faɗaɗa shi. Ni kuwa ina aikina na tsofaffi, ƙarshen mako ina kek. Jami'an ƙaramar hukuma sun zo sun duba kicin ɗin Hajiya sun ba mu izini. Idan 'yan cocinmu na nan suka nemi mai giyar don bikin aure, a gidan wata 'yar'uwa ta coci nake haɗa shi, da kwanonsa da cokalinsa daban, kuma sai na faɗa wa mai biki ya faɗa wa baƙinsa. Murna ta shiga makaranta, yanzu idan na kira sai ta ɓuya a bayan Mama tana leƙena kamar baƙuwa. Ban san ko zan kawo ta ba ko ni zan koma, wata rana in tashi da wannan, wata rana da wancan. Har yanzu idan na wuce tagar shago mai tallan ɗaki sai na tsaya na karanta, ko da ba na nema.

Asabar ɗin da ta wuce ina buga bota, na ji ƙarar jan kujera a bayana. Na ce mata, Hajiya, ai yanzu ba sai kin wahalar da kanki kin zauna ba, masu yarda sun yarda.

"Wa ya ce miki don su nake zama?" ta ce. "Miƙo mini cokalin nan kafin ki wanke."